Mataccen Itace Yana Kiɗa, Amma Ba Ya Saƙuwa

Hanyar da ta tashi daga filin jirgin saman Detroit zuwa Ann Arbor ba ta da nisa, tafiyar rabin awa ce in babu cunkoso. A watan Agusta na bi ta, lokacin da ƙasar ta yi kore shar, daji dama daji hagu. Amma wanda ya yi shekaru yana koyar da aikin gona idonsa ba ya wuce itace haka nan. Cikin dausayin da ke gefen titi na riƙa hango wasu dogayen kututture toka-toka, babu ganye babu ɓawo, wasu a tsaye, wasu sun karye daga ƙugu, da yawa sun riga sun kwanta ciyawa ta fara rufe su.

"Kawu, waɗancan ash ne," in ji ɗan ƙanwata da ya zo ɗaukata, wanda ke karatu a Jami'ar Mishigan. "Ƙwaro ne ya gama da su. Kuma a duk faɗin Amurka, a nan yankin aka fara ganinsa."

Zumunci ya kai ni, amma wannan magana ita ta tsara mana yadda muka kashe hutunsa.

Ƙwaron bai fi santimita 1 da ɗan wani abu ba. Kore ne mai walƙiya, har Turawa suka haɗa sunansa da dutsen zumurrudu, masana kuwa suna kiransa Agrilus planipennis. Gidansu gabashin Asiya ne, Sin da Koriya da Japan da gabashin Rasha, inda itatuwan ash na can suka daɗe da saninsa, suna da hanyar kare kansu. Na Amurka ba su taɓa haɗuwa da shi ba. A 2002 aka gano shi a kudu maso gabashin Mishigan da kuma garin Windsor na Kanada da ke tsallaken kogi, amma da masana suka bi da'irorin shekaru a jikin matattun itatuwa sai suka ga tun shekarun 1990 yake nan yana ɓarna a ɓoye. Ana kyautata zaton cikin katakon da ake tallafe kaya da shi a jiragen ruwa ya shigo. Babban ƙwaron ganye kawai yake ɗan tsakura, ba shi ne matsalar ba. Macen tana saka ƙwai a tsagin ɓawo, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shige ciki, ta yi ta cin wannan siririn sashe mai danshi da ke tsakanin ɓawo da katako, wanda ta nan abinci da ruwa ke zirga-zirga a jikin itace. Idan hanyoyin tsutsa suka zagaye kututture, itacen ya shaƙe ke nan. Daga sama yake fara bushewa, cikin shekara 2 zuwa 4 aikin gama ya gama. A dazuzzukan da ƙwaron ya fara shiga, fiye da kashi 99 cikin 100 na manyan ash sun mutu. Yau ana maganar ɗaruruwan miliyoyin itatuwa a jihohi fiye da 35, kuma a 2022 ya ɓulla har Oregon, can gaɓar yamma.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yadda aka yi ash ya cika titunansu tun farko. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce wata cuta ta kashe musu itatuwan elm da suka yi wa garuruwa rumfa, sai hukumomi suka nemi itace mai jure sanyi da gishirin da ake zuba wa titi lokacin dusar ƙanƙara, suka dasa ash layi-layi, iri ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ann Arbor, garin da ke taƙama da laƙabin garin itatuwa, ya yi asarar kimanin 10,000 a tituna da wuraren shaƙatawa kawai. Mun ratsa wasu unguwanni inda gidajen tsofaffi ne amma itatuwan ƙofar gida duk matasa, rana na dukan rufi kai tsaye. Akwai wani bincike da Geoffrey Donovan na hukumar gandun dajin Amurka ya fitar a 2013, wanda ya duba jihohi 15 ya ga a inda ƙwaron ya ratsa an sami ƙarin mace-mace fiye da 21,000 ta ciwon zuciya da na huhu. Bai ce ƙwaro ne ya kashe mutane ba, ya nuna dai abubuwan biyu sun tafi tare. Duk wanda ya san darajar inuwa ba zai yi mamaki ba.

Inda na fara ganin abin da masu fasaha suka yi da wannan rashi shi ne laburaren Traverwood, a arewa maso gabashin garin, wanda aka buɗe a 2008. Filin da aka gina shi cike yake da ash da ƙwaron ya riga ya kashe. Maimakon a kira motar niƙa itace, sai masu zanen ginin suka sa aka sare su a hankali, aka jawo gungumen da dawakin jan kaya don kada manyan injuna su tattake saiwoyin sauran itatuwan da ke raye. Daga nan aka yanka katako, aka shimfiɗa daɓe, aka lulluɓe bango har zuwa sama. Da ka shiga sai ka ji kamar hasken wurin daga jikin katakon yake fitowa, fari-fari mai ratsin ruwan zuma.

Amma ginshiƙan su ne maganar. Ta gefen manyan tagogi an jera wasu kututture sukutum, an ɓare ɓawon kawai, an bar jikin yadda ƙwaro ya bar shi, kuma su ke ɗauke da nauyin rufi. Na matsa na ɗora hannu. Hanyar tsutsa tana farawa siririya kamar an ja da allura, ta yi lanƙwasa ta dawo, ta sake lanƙwasa, tana ƙara faɗi yayin da tsutsar ke ƙara girma, har ta kai faɗin da ɗan yatsa zai bi ta. A wani wurin hanyoyin sun hau juna sun cakuɗe, babu ko tafin hannu ɗaya na lafiyayyen jiki. Nan ne itacen ya mutu, ana iya nuna wurin. Wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba tana tsaye a ginshiƙi na gaba, tana bin layin da yatsa tana yi wa uwarta tambaya, uwar ta durƙusa tana ba ta amsa. Da kafinta ya so, da wuni ɗaya ya isa ya goge wannan tabo tas da samfefa. An bar shi da gangan, kuma a ganina wannan shawara ta fi duk wani allon bayani da za a kafa. Yaron da ya tashi yana aron littafi a nan ba ya bukatar a gaya masa cewa an taɓa yin daji a wurin, ko abin da ya ci shi.

Daga Ann Arbor muka nufi Lansing, babban birnin jihar. Hanyar ta bi ta Brighton, ƙaramin gari wanda ba za ka ce akwai wani abu a cikinsa ba, alhali a nan ma'aikatar gona ta Amurka ke kiwon wasu ƙananan ƙwari dangin zanzaro, waɗanda ba sa harbin mutum, da aka samo daga Asiya. Wani yana saka ƙwansa cikin ƙwan koren ƙwaron, wani yana huda ɓawo ya saka a jikin tsutsar. Tun 2007 ake sakinsu a dazuzzukan Mishigan. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wajenmu: lokacin da farin ƙwaron mangwaro ya shigo Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1980 ya lalata gonaki, irin wannan ɗan zanzaro aka kawo daga Indiya, aka fara sakinsa a Togo a 1987, cibiyar binciken aikin gona ta IITA ta yaɗa shi, kuma ya yi aiki. A Mishigan nasarar ba ta kai haka ba tukuna. Yana taimaka wa matasan itatuwa su ɗan yi tsawon rai, manya kuwa sun riga sun tafi. Akwai kuma allurar magani da ake yi wa itace a gindi duk shekara 2 ko 3, tana kare shi sosai, amma wannan na itacen ƙofar gida ne wanda mai shi ke da kuɗi. Ba wanda zai bi daji da sirinji.

A Lansing akwai shagon kayan kiɗa mai suna Elderly Instruments, wanda aka kafa a 1972, kuma makaɗa daga nesa suke zuwa dominsa. Ni ba makaɗi ba ne, amma na so in riƙe jitar ash a hannuna. Wani ma'aikacin shagon ya miƙo mini guda biyu masu siffa ɗaya, irin jitar lantarkin da muke gani a hannun makaɗan Agadas. Ɗaya na ɗaga na ji nauyi a kafaɗa, ɗayar kuwa sakayau. Ya ce mai nauyin ash ɗin arewa ce, katakon da ake sassaƙa sandar wasan ƙwallon gora da ƙotar gatari da shi. Marar nauyin daga fadamun kogin Misisipi ta fito, inda gindin itacen ke shafe watanni cikin ruwa, katakonsa ya yi saƙa-saƙa. Da irin wannan kamfanin Fender ya riƙa ƙera jitocinsa tun 1950, kuma makaɗa da yawa sun yi imani yana da wani amo garau da ba a samu a wani katako. A 2020 kamfanin ya sanar da cewa zai daina amfani da ash a yawancin jitocinsa. Dalili biyu ya bayar: ambaliyar da ke daɗewa ba ta janye ba har masu saran itace su kasa shiga fadama, da kuma wannan koren ƙwaro da ke gangarowa kudu. Ya kuma haɗa hannu da hukumar gandun daji da ƙungiyar kare dazuzzuka ta American Forests a wani shiri mai suna Roots of Rock, don tallafa wa aikin samar da irin ash mai jure ƙwaron. To amma itacen da aka dasa yau, sai jikokin makaɗan yanzu za su ji muryarsa.

A wajen garin ɗan ƙanwata ya san wani dattijo, tsohon ma'aikacin kamfanin motoci da ya yi ritaya ya koma ƙera jita a garejin gidansa. Can muka yini. Ya jera falankan ash a bango, kowanne da sunan titin da aka saro shi da shekarar, an rubuta da alli. Ya ce shi tsere yake yi da lokaci, domin ash in ya mutu a tsaye ba ya daɗewa: cikin 'yan shekaru ya yi gautsi, ya fara ruɓewa, har masu saran itace na tsoron hawansa don reshe na iya ɓallewa ba zato. Saboda haka da ya ji ƙarar zarto a unguwa sai ya tafi da motarsa ya roƙi gungume kafin a jefa shi injin niƙa.

Ya ɗauko wani gangar jikin jita da bai gama ba ya ɗora a cinyata. Tsakiyar katakon lafiya lau, domin tsutsar ba ta shiga can ciki, a fatar waje take tsayawa. Don haka da gangan yake yanka falankin ta yadda gefen waje zai faɗo a kafaɗar jitar, inda hannun makaɗi ke kwanciya. Ramukan ya cike su da baƙin ƙaro, ya goge ya yi sumul, sai layukan suka fito baƙi a kan fari. Kusa da su akwai ɗan rami mai siffar rabin wata, faɗinsa bai fi milimita 3 ko 4 ba, ƙofar da babban ƙwaro ya fita ta ciki. Na tambaye shi ko masu saye ba sa ƙin katako mai tabo. Ya ce mafi yawan masu zuwa wajensa mutanen da itacen ƙofar gidansu ne, sun kawo gungumen da kansu, kuma tabon suke fara nema.

Da yamma maƙwabta suka taru a garejin, kowa da kujerarsa. Akwai mai goge irin na Turawa, akwai masu jita biyu, akwai wani da ƙaramar ganga mai fuska ɗaya wadda bakinta ash ne da aka lanƙwasa. Kafin a fara, wata ɗalibar kiɗa ta kunna mana abin da ta naɗa a daji. Ƙusa ta kafa a jikin itacen da ƙwaro ke ci, ta manna mata ɗan makirfo mai ɗaukar motsin katako. Aka kashe fanka, aka yi tsit. Da farko ba ka jin komai sai wani gunji can ƙasa, wanda ta ce iska ce ke kaɗa rassa. Sai kuma ƙas, ƙas-ƙas, ƙas, a hankali, ya tsaya, ya ci gaba. Tsutsa ce ke cin itace da rai. Can sai ga bugun maƙwaƙƙwafi ya shigo da ƙarfi, shi ma tsutsar yake nema, shi ne ke ɓare ɓawon har itacen ya yi fari daga nesa. Ta ce ta ɗauko hanyar ne daga David Dunn, mawaƙin da ya naɗi sautin ƙwari a cikin itatuwan jihar New Mexico ya fitar da shi a faifai a 2006, wanda daga baya ya yi aiki da masana a Arizona suna gwada rikita ƙwarin da sautinsu na kansu. Nasa ƙwarin 'yan ƙasa ne da fari ya ba su dama, nata baƙo ne, amma kunnen ɗaya ne.

Ba ta kashe naɗin ba. Mai goge ya shigo a kansa da dogon ja guda, mai ganga ya ɗauki tazarar cin tsutsar ya mai da ita ma'aunin kiɗan, sannan jitocin suka biyo. Waƙar da suka yi ba ta da baiti mai yawa, sunayen titunan unguwarsu ne kawai ake jerowa, waɗanda a da ke da rumfar ash. Duk titin da aka ambata sai ka ga wani ya ɗaga hannu. Wani tsoho da ke kusa da ni ya sunkuyo ya ce mini mahaifinsa ne ya dasa nasu bayan elm ɗin ƙofar gidan ya mutu, shi kuma shi ya biya kuɗin sare shi. Na ji kiɗa a wurare da dama, amma ban taɓa jin an ba wa abin da ya yi ɓarnar wuri a cikin kiɗan ba, a bar shi ya yi magana da bakinsa, mutane su saurara. Ba su zage shi ba, ba su kuma ƙawata shi ba. Akwai masu sayar da tarkacen katako da tsada don kawai sun liƙa masa takardar cewa ƙwaro ne ya kashe shi, na gansu a kasuwar ƙarshen mako, kuma wannan ciniki ne kawai. Abin da aka yi a garejin nan daban ne.

Duk da haka, sai da muka isa Mount Pleasant na gane cewa laburaren da jitar suna da sauƙi guda: mataccen itace ya ishe su. Akwai sana'ar da sai mai rai.

Wani ɓangaren garin yana cikin ƙasar al'ummar Saginaw Chippewa, ɗaya daga cikin al'ummun Anishinabe, mutanen da ke nan tun kafin zuwan Turawa. Suna da cibiyar tarihi da al'adu mai suna Ziibiwing, wadda ta cancanci mutum ya ba ta yini. A nan na fara ganin kwandunan baƙin ash, wani nau'i da ke fitowa a dausayi mai sanyi, ƙafarsa cikin ruwa. Akwai manya na ɗaukar kaya a baya, akwai ƙanana masu murfi da aka yi wa ado da ƙananan lanƙwasa har suka yi kama da 'ya'yan itace, bakinsu an naɗe da wata ciyawa mai ƙamshi. Ba ka cewa daga gungume suka fito.

Wani abokin ɗan ƙanwata ya kai mu gidan wata dattijuwa a wajen gari, inda muka tarar da jikokinta biyu a kan aiki. Gungume ne kwance a ƙasa, tsawonsa ya kai mutum, an ɓare shi, jikinsa jiƙe. Samarin suna tsaye gefe da gefe, kowa da gatari, amma da ƙeyar gatarin suke duka, ba da kaifin ba. Wannan ya sauke, wancan ya ɗaga, suna matsawa kaɗan-kaɗan daga kai zuwa gindi, kowane bugu na hawa rabin na baya. Amon da ke tashi sak luguden mata a turmi, har ƙafata ta fara bi. Da suka kai ƙarshe suka sake dawowa, sai bakin layin ya ɗago da kansa. Ɗayansu ya sa hannu ya ja, sai ga dogon tsiri ya taso tun daga wannan kai har wancan, ya rabu gida-gida.

Dattijuwar ta karɓa ta nuna mini. Kowane ɓari shekara ɗaya ce ta rayuwar itacen. Baƙin ash yana yin katako mai ramuka-ramuka a farkon bazara, sannan mai tauri a sauran lokacin girma, to dukan yana murƙushe mai ramukan ne, mai taurin ya saki ɗan'uwansa. Ta zauna, ta tsaga bakin tsiri guda da wuƙa, ta matse shi tsakanin gwiwoyinta cikin wani ɗan maƙalin katako, ta riƙa ja da hannu biyu a hankali har ya rabu biyu. Cikin ya fito santsi yana sheƙi, ba a goge ba, ba a shafa komai ba. Ta miƙo mini. Na naɗe shi a yatsa sau uku bai karye ba.

Sai ta aiki ƙaramin jikan ya ɗauko wani daga bayan ɗaki, na itacen da ƙwaro ya taɓa. Shekarunsa na ƙarshe sun yi siriri kamar takarda, domin itace mai ciwo ba ya girma, ga huda ga baƙin tabo. Ta lanƙwasa shi sau ɗaya ya ce ƙaras.

Ta ce ko a zamanin da dausayi ke cike, ba kowane itace ke yin kwando ba. Sai miƙaƙƙe, marar ƙulli, kuma sai an ɗan sare gefensa an duba kaurin shekarunsa. Mutum na iya duba itatuwa da yawa kafin ya sami ɗaya. A al'adarsu ana ajiye taba a gindin kafin a sare, alamar godiya. Wannan sanin, na gane itace daga ɓawonsa da tsayuwarsa da irin ƙasar da yake kai, ba a koyonsa a ɗaki. Sai an bi babba cikin laka. Yanzu gungumen da muka gani daga can arewa mai nisa aka kawo shi, wajen 'yan'uwa, bayan ya sha watanni a nutse cikin rafi, domin nutsarwar tana kashe tsutsa kuma tana hana katakon bushewa. Suna tara iri duk shekarar da itatuwan suka yi 'ya'ya da yawa, abin da ba kowace shekara yake faruwa ba, ana adana wani a rumbun iri na gwamnati a Colorado. A 2017 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa baƙin ash da wasu nau'o'i huɗu cikin jerin waɗanda ke bakin ƙarewa.

Ita ta kawo maganar Kelly Church, shahararriyar masaƙiya 'yar Mishigan, wadda saƙar ta zo mata kaka da kakanni, kuma gwamnatin Amurka ta ba ta lambar girmamawa ta masu fasahar gargajiya a 2018. Jikan ya nuno mini hoton wani aikinta a waya. Kwando ne mai siffar ƙwai, an rina shi kore irin na ƙwaron, an saƙa jan ƙarfe a ciki yana walƙiya. Idan aka buɗe, akwai 'yar kwalba da ƙwaron a ciki, da kuma filash mai ɗauke da bayanin yadda ake zaɓen itace, da sara, da duka, da tsagawa, da saƙa. An nuna shi a babban baje kolin ayyukan mata 'yan asalin ƙasar da aka yi a Minneapolis a 2019. Na daɗe ina kallon hoton. Mace ce ta zauna ta yi lissafin cewa wataƙila a sami zuriya guda ko biyu da ba za su taɓa riƙe gatari a kan baƙin ash ba, ta ɗauki abin da ke hannunta ta rufe a cikin abin da hannun ya saƙa, tare da wanda ya jawo hakan, don wanda zai buɗe wata rana ya san duka biyun. Amma filash ba ya koya wa yatsa inda zai sassauta. Dattijuwar ta san haka, shi ya sa da na nemi sayen ɗaurin tsirin da ke rataye a rumfarta don in kawo gida in nuna wa ɗalibai, ta ce in yi haƙuri. Kwando za ta sayar mini, amma wannan na yaran da ke zuwa koyo ranar Asabar ne, kuma ba ta san yaushe wani gungumen zai zo ba.

Na sayi ƙaramin kwando mai murfi. Kuɗinsa ya yi yawa a aljihun baƙo, amma bayan abin da na gani ban nemi ragi ba.

Daga nan muka miƙe arewa har gadar Mackinac, mai tsawon kilomita 8, wadda ta haɗa ɓangarorin jihar biyu tun 1957. Ƙwaron da fikafikansa ba ya yin nisa sosai a shekara. Mota ce ke kai shi: mutum ya sare mataccen itacen gidansa, ya ɗora a bayan mota ya tafi hutu bakin tafki, ya ƙona rabi ya bar rabi, bazara ta yi ƙwari su fito. A da an yi shekaru da dama akwai shingen bincike a wannan gada ana karɓe itacen wuta, amma tun 2005 an riga an ga ƙwaron a tsallaken, a Brimley. A farkon 2021 gwamnatin tarayya ta janye dokar hana zirga-zirgar katakon ash, ta mai da ƙarfinta kan kiwon zanzaron. Fatan da ya rage yana ga 'yan tsirarun itatuwan da aka tarar a raye a tsakiyar dubban matattu, waɗanda masana a Ohio ke ɗaukar rassansu suna haɗa aure tsakaninsu. Gaba kuma akwai jihar Minnesota, mai ash kusan biliyan 1, yawanci baƙi, inda ake fargabar in suka mutu ruwan da suke sha zai taso, dajin ya koma fadama ba itace. Da sauran rina a kaba.

Mun kwana a wani sansanin matafiya a bakin tafkin Superior. Sanyin dare ya sa muka sayi ɗaurin itace a wajen mai gadin wurin, wanda ya tabbatar mana na yankin ne. Da safe bayan mun yi sallah na zaga dausayin da ke bayan sansanin, na sami baƙin ash guda biyar a jere. Uku suna da cikakken ganye. Biyu kansu ya fara yin sharara, sababbin rassa sun tsiro daga gindi, alamar itacen na neman hanyar numfashi, kuma a ɗayan na ga ramin nan mai siffar rabin wata daidai tsayin ƙirjina.

"Kawu, sauran itacen fa? Mu sa a but?"

Na ce a'a, a mai da wa mai gadi. Ya kwashe ya kai masa, ya kuma nuna masa hoton ramin da inda itacen yake, mutumin ya rubuta a littafinsa ya ce zai sanar da ma'aikatan gandun daji. Muka kama hanyar kudu.